Koriyar kwangila: ma'anarta da yadda ake cin ta

A layinmu an kafa turakun fitilar sola goma sha biyu. Daren da aka fara kunna su har yara sun ƙi shiga gida, mai shayin bakin layi ma ya kashe 'yar acibalbal ɗinsa ya ƙaro benci. Damina biyu aka yi. Yau uku ne ke kamawa, cikinsu ma akwai wadda ke mutuwa tun kafin a fito sallar Isha'i. Wani yaro mai gyaran wuta ya taɓa kawo tsani ya buɗe akwatin ɗaya daga cikinsu muna tsaye. Faifan da ke zuƙar rana lafiyarsa ƙalau, ƙurar hunturu ce kawai ta yi masa bargo. Batirin ne ya kumbura kamar burodi: irin mai dalma ne, an kulle shi cikin akwatin ƙarfe yana dahuwa a ranar Afrilu. Da ya sauko sai ya kaɗe hannu ya ce, "Yaya, wannan ai tun a takarda aka kashe shi."

A takardar kuwa, na tabbata an rubuta cewa aikin na kare muhalli ne, tunda ba ya shan dizal. Daga nan ruɗanin yake farawa game da kalmar da nake son fayyacewa. Turawa suna laƙaba wa irin wannan sayayya launin kore, masu fassara a rediyo kan ce "sayayyar gwamnati mai ɗorewa" ko "mai kula da muhalli". Ni zan taƙaita in ce koriyar kwangila.

Ma'anarta ita ce gwamnati, a lokacin da za ta sayi kaya ko ta ba da aiki, ta sa abin da kayan zai jawo wa muhalli da aljihunta tsawon rayuwarsa cikin ma'aunin zaɓen wanda za a ba. Da me aka yi shi, wuta ko mai nawa zai sha, shekara nawa zai yi, wa zai gyara shi, ina za a kai gawarsa idan ya mutu. Saboda haka abin bai tsaya ga sola da dashen itace ba. Sayen takardar ofis, na'urar sanyaya ɗaki, motocin ma'aikata, simintin gina aji, kwashe sharar asibiti, duk za su iya zama koriyar kwangila. Haka kuma ana iya sayen sola ta hanyar da babu ko ɗigon kore a cikinta, kamar ta layinmu. Idan aka ce "mai ɗorewa" an ɗan faɗaɗa, an haɗa da haƙƙin leburori da ba ƙananan kamfanonin gida dama.

Dalilin da ya sa aka damu da aljihun gwamnati musamman shi ne girmansa. A ƙasashen Tarayyar Turai, sayayyar hukumomi ta kai kusan kashi 14 cikin 100 na dukan abin da tattalin arzikinsu ke samarwa. Mai sayayya irin wannan idan ya ce ga abin da yake so, kasuwa ce ke bin sa. An gani a Amurka a 1993, lokacin da shugaba Bill Clinton ya umarci ma'aikatun tarayya su riƙa sayen kwamfutoci masu tambarin Energy Star kawai, wato masu rage shan wuta idan ba a aiki da su. Masu ƙera kwamfuta ba za su buɗe masana'anta biyu ba, ɗaya ta gwamnati ɗaya ta sauran jama'a, sai suka gyara kayan gaba ɗaya. Japan ta yi wa abin doka sukutum a 2000. A 2015 kuma ya shiga muradun ci gaba mai ɗorewa na Majalisar Ɗinkin Duniya, a ƙarƙashin muradi na 12.

Amma labarin da ya fi koyar da ɗan kwangila shi ne na birnin Helsinki a Finland. A ƙarshen shekarun 1990 hukumar birnin ta nemi kamfanonin da za su yi jigilar bas, ta ce bayan farashi za ta ba da ƙarin maki ga motocin da hayaƙinsu da ƙararsu ba su wuce wani mizani ba. Kamfanin birnin ne ya ci, domin shi ke da motoci masu amfani da iskar gas. Abokin takararsa, Concordia Bus, ya garzaya kotu yana cewa an ɗinka rigar ne daidai jikin mutum ɗaya. Magana ta kai Kotun Tarayyar Turai, wadda ta yanke hukunci a 2002 cewa hukuma tana da ikon ba da maki don muhalli, da sharaɗin ma'aunin ya danganci abin da ake saya, an bayyana shi tun a takardar talla, bai bar wa jami'i ƙofar zaɓar wanda ya ga dama ba, kuma bai nuna bambanci tsakanin masu nema ba. Na daɗe ina ganin waɗannan sharuɗɗa sun fi kowace lacca amfani, don su ne ke raba koriyar kwangila ta gaskiya da wadda aka shafa wa kore don a miƙa wa ɗan lele.

Zuciyar al'amarin lissafi ne, kuma Bahaushe ya riga Bature faɗinsa: araha ba ta ado. A ɗauka, don misali kawai, za a sa wa rijiyar burtsatsen wani asibitin karkara abin jan ruwa. Wani ya kawo janareta a kan naira miliyan 2, wani ya kawo famfon sola a kan miliyan 6. Idan farashin ranar saye kaɗai za a duba, mai janareta ya ci ba gardama. To a ce janaretan yana shan man naira dubu 150 a wata. A shekara miliyan 1.8 ke nan, kafin a yi maganar baƙin mai da makaniki. Kafin shekara uku ta cika ya haye farashin solar, kuma duk watan da kuɗin mai bai fito daga sakatariya ba, masu jinya ne za su koma sayen ruwa wajen 'yan garuwa. Wannan shi ake kira lissafin tsadar rayuwar kaya, kuma dokar sayayya ta Tarayyar Turai ta 2014 ta halatta shi ƙarara. Bankin Duniya ma, daga Satumban 2023, ya mayar da ba da maki kan inganci da ɗorewa ya zama ƙa'ida a yawancin manyan kwangilolin da ake takararsu tsakanin ƙasashe da kuɗinsa.

A Najeriya fa? Dokar da ke riƙe da kwangilar tarayya ita ce ta 2007, wadda ta kafa hukumar sa ido kan kwangilolin gwamnati, BPP, magajiyar ofishin bin ƙa'ida na zamanin Obasanjo da Oby Ezekwesili ta yi suna a cikinsa. Ginshiƙinta shi ne a yi talla a fili, a buɗe takardun tanda, wato takardun neman kwangila, a gaban masu nema, a ba wanda farashinsa ya fi sauƙi cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. Mutane kan riƙe rabin farko na jimlar su manta da na biyu, alhali ba a rabin farkon gizo ke saƙa ba. Sharuɗɗan su ne komai. Idan injiniyan ma'aikata ya rubuta "fitilar sola" ya yi shiru, mai batirin dalma mafi araha ne zai ci, kuma bai karya doka ba. Idan ya rubuta irin batirin, ƙarfinsa, awa nawa zai yi yana ci bayan kwana biyu ana hadari, da garanti na shekara kaza, to masu kayan bola sun faɗi tun kafin a buɗe ambulan farashi. Abin da yaron nan mai tsani yake nufi ke nan.

Kuɗin irin waɗannan ayyuka kuwa ba kaɗan ba ne, kuma kaso mai tsoka Arewa yake fuskanta. A Disambar 2017 Najeriya ta sayar da takardun lamuni na ayyukan muhalli na naira biliyan 10.69, ita ce ta fara a Afirka, ta ƙara da na biliyan 15 a 2019. Cikin ayyukan da aka nufa da su har da shirin hukumar samar da lantarki a karkara, REA, na ba jami'o'i wutar kansu, shirin da ya haifar da tashar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano a 2019. Akwai ACReSAL, shirin dala miliyan 700 na Bankin Duniya don farfaɗo da ƙasar da ta lalace a jihohin Arewa 19 da Abuja. Akwai DARES na dala miliyan 750 don ƙananan tashoshin sola da na gidaje. Akwai hukumar Babbar Koriyar Ganuwa, ta dashen itace don tare kwararowar hamada, da ke aiki a jihohi 11 na bakin hamada, daga Kebbi da Sakkwato har Yobe da Barno. A 2024 kuma gwamnatin tarayya ta umarci ma'aikatunta su koma sayen motoci masu amfani da iskar gas. Gaskiya tsadar fetur ce ta tura ta, ba son tsuntsaye ba, amma ga mai sayar da mota sakamakon ɗaya ne.

To yaya ake ci? Matakin farko ba shi da alaƙa da muhalli ko kaɗan, takardu ne, kuma a nan ake zubar da mafi yawan ƙananan kamfanoni. Rajistar hukumar yi wa kamfanoni rajista, CAC, shaidar biyan haraji ta shekara uku, takardun hukumomin fansho (PENCOM) da horar da ma'aikata (ITF) da inshorar ma'aikata (NSITF), rajista a kundin BPP, rahoton akanta da aka tantance. Ɗaya ta ɓace ko wa'adinta ya ƙare, ba wanda zai duba ko solarka daga Jamus take. Wanda ke jiran ya ga talla a jarida sannan ya fara bin waɗannan ofisoshi, ranar wanka yake neman ɓoye cibi. A manyan ayyuka akwai kuma jinginar banki, wadda doka ta ce kada ta wuce kashi 2 na farashin da ka sa, sannan idan ka ci a nemi lamunin kammala aiki na aƙalla kashi 10.

Mataki na biyu shi ne hujja. A koriyar kwangila kalmar "mai inganci" ba ta da maki. Ana son takardar masana'anta mai nuna ƙarfin kaya, shaidar gwaji, izinin shigo da kaya na hukumar kula da ingancin kaya, SON, sunayen injiniyoyinka da lasisinsu, da wuraren da ka yi irin aikin waɗanda za a iya zuwa a gani. Idan kana da famfon da ka kafa shekara huɗu da suka wuce kuma har yau yana zubo da ruwa, hotonsa da wasiƙar mutanen garin sun fi kowace ƙasida mai sheƙi. A ayyukan Bankin Duniya za a ƙara neman tsarinka na kula da muhalli da ma'aikata: ina za ka zubar da tarkace, me leburori za su sa a ƙafa da kai, wa mutanen gari za su kai wa ƙara idan motarka ta take gonar wani. 'Yan kwangila da yawa kan kwafo wannan sashe daga tsohuwar takardar wani, har da sunan garin da ba shi ba.

Abin da ya fi canja wasan, a ganina, shi ne yadda ake biya. Tsohon salo shi ne ka kawo kaya, a ƙirga, a sa hannu, a biya ka, a riƙe ɗan kaso na 'yan watanni. Sabon salo yana biyan sakamako. A tallafin REA na ƙananan tashoshin sola, kamfani ne ke fara zuba kuɗinsa ya gina, sai an tabbatar gidaje sun samu wuta sannan a biya shi gwargwadon yawansu, kuma shi zai ci gaba da sayar musu da wutar, don haka mutuwar batir asararsa ce. A dashen itace bambancin ya fi fitowa fili. Duk wanda ya taso a Arewa ya ga bikin dashe: manyan baƙi, shebur mai kintinkiri, tsirrai dubu a jere. Kafin watan Maris awaki da rani sun gama da su. Idan kwangila ta ce za a biya kan yawan tsiron da aka dasa, ramuka aka saya. Idan ta ce za a biya wani kaso kan waɗanda suka rayu bayan rani ɗaya ko biyu, dole ɗan kwangila ya sa kuɗin shinge da ban ruwa da mai gadi a lissafinsa, ya zaɓi irin da ke jure ƙishi kamar bagaruwa da aduwa da dogon yaro, ya kuma zauna da mai unguwa da makiyaya tun kafin ya haƙa rami. Farashinsa zai fi na mai ramuka tsada, shi ya sa ba zai taɓa ci ba sai takardar talla ta nemi hakan.

Akwai tambayar da ba kasafai ake yi ba: ina matattun batiran suke zuwa? Na dalma yakan ƙare a hannun 'yan gwangwan, a fasa shi da gatari, ruwan ya tsiyaye a ƙasa, a narka dalmar a fili. Wanda ya tuna yaran da dalmar wuraren haƙar zinare ta kashe a Zamfara a 2010 ya san ba abin wasa ba ce. Kamfanin da ya rubuta a takardarsa cewa zai karɓi tsoffin batira ya miƙa wa masu sarrafa su da izini, ya kuma nuna yarjejeniyar, yana da abin da zai fi abokan takararsa da shi a duk inda ake ba da maki.

Ƙaramin kamfani da ba shi da tarihin manyan ayyuka ba lallai ya tsaya kallo ba. Yawancin takardun tanda suna yarda kamfanoni biyu su haɗa gwiwa su nema tare, kuma babban kamfanin da ya ci aikin kafa sola a ƙauyuka hamsin daga Legas ko Abuja ba zai iya aiko injiniya duk lokacin da ƙura ta rufe faifai ba. Idan kwangilar ta ɗora masa kulawar shekara uku ko biyar, tilas ya nemi na kusa. Na faɗa wa yaron nan mai tsani haka, na ce ya je ya yi rajistar kamfani ko da shi da ƙaninsa ne. Ya ce zai duba nawa ake kashewa.