Waiwaye: Yadda Japan ta sa duniya ta yarda da gine-ginen tarihi na katako

Ranar 26 ga Janairun 1949 wuta ta tashi a babban zauren haikalin Horyu-ji da ke lardin Nara, ana tsakiyar aikin gyara. Kafin a shawo kanta ta riga ta babbake zane-zanen bango na addinin Buddha waɗanda suka haura shekara 1,200. Yarima Shotoku ne ya kafa haikalin a 607, kuma gine-ginensa na katako sun fi kowanne tsufa cikin waɗanda suka rage a duniya. Abin ya tayar wa jama'a hankali ƙwarai, har majalisar dokoki ta zartar da dokar kare kayan al'adu a 1950. Har gobe, duk 26 ga Janairu ana atisayen kashe gobara a haikalai da fadojin ƙasar.

Ba tun fil'azal Japanawa suke wannan tattali ba. Da gwamnatin Meiji ta hau a 1868 ta raba addinin Shinto da na Buddha, an rusa haikalai da dama, an ƙona gumaka. A 1873 aka ba da umarnin kawar da fadojin sarakunan yaƙi, kuma fadar Himeji, wadda masu yawon buɗe ido ke tururuwa gare ta yau, da kyar ta sha. Sai a 1897 aka yi dokar adana tsofaffin wuraren ibada.

Inda ƙura ta tashi shi ne salon gyaransu. Katako ba dutse ba ne: danshi na cin sa, girgizar ƙasa na kwance shi. Don haka idan gini ya tsufa, masassaƙa sukan warware shi gaba ɗaya, su sa wa kowane ginshiƙi da kowace azara lamba. Inda ya ruɓe a yanke, a sassaƙa sabon itace a haɗa, a buga masa hatimin wuta mai ɗauke da shekarar gyara domin na baya su gane, sannan a mayar da komai mazauninsa. Haka aka yi wa babbar hasumiyar Himeji daga 1956 zuwa 1964. Shi kuwa ma'aunin Turawa, wanda yarjejeniyar Venice ta 1964 ta tsara, ya fi karkata ga kayan ginin farko. Wanda ya saba da majami'un dutse zai iya tambaya ko ginin da aka kwance aka sake haɗawa yana nan a matsayin na asali.

Japan ba ta shiga yarjejeniyar UNESCO ta wuraren tarihi ba sai 1992, shekara 20 bayan ƙulla yarjejeniyar. A 1993 aka sa Horyu-ji da Himeji a jerin wuraren tarihi na duniya, tare da dazukan Yakushima da Shirakami. Shekara guda bayan haka Japan ta tara masana a birnin Nara, aka fito da takardar da ta ce kowace al'umma da ma'auninta za a auna sahihancin kayan tarihinta, kuma fasaha da al'ada da yadda ake amfani da wuri duk abin dubawa ne, ba kayan gini kaɗai ba.

A ganina wannan takarda ita ce babbar gudummawar Japan, kuma ta shafe mu kai tsaye. Ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da yaɓe bayan damina. Hasumiyar masallacin Agadez mai tsawon mita 27, wadda ta shiga jerin tare da tsohon garin a 2013, hannun magina ne ke riƙe da ita.

Japan ta gane haka da wuri, domin tun 1975 dokarta ke tallafa wa masu sana'ar gyaran kansu, daga masassaƙa zuwa masu rufin ɓawon itace. A 2020 UNESCO ta sa waɗannan sana'o'i cikin gadon al'adun duniya, shekara guda bayan gobara ta cinye fadar Shuri a Okinawa, wadda aka soma sake ginawa a 2022.