Tinariwen

Tinariwen ƙungiyar makaɗan jita ce ta Abzinawan arewacin Mali, wadda ake lissafa kafuwarta daga wajajen 1979 a garin Tamanrasset na kudancin Aljeriya. Suna waƙa da harshen Tamashek. Turawa kan saka kiɗansu a layin rok ko buluz na hamada, su kuwa Abzinawa suna kiransa assuf, wato kewa, ko kuma su ce "jita" kawai. Sunan ƙungiyar jam'i ne na tenere, hamada.

Asali

Jagoran ƙungiyar, Ibrahim Ag Alhabib, an haife shi a wajajen 1960 a yankin Tessalit. Yana ɗan shekara huɗu ko kusa da haka sojojin Mali suka kashe mahaifinsa a lokacin boren Abzinawa na 1963 a yankin Kidal. Ya tashi a gudun hijira a Aljeriya, kuma a can ya haɗa jitarsa ta farko da gwangwani da sanda da wayar birkin keke.

Farin da aka yi a shekarun 1970 ya ƙarar da dabbobin makiyaya, samari da yawa suka bar daji suka bazama Aljeriya da Libiya neman aikin ƙarfi, babu takarda babu matsuguni. Su ne ake kira ishumar. A cikinsu Ibrahim ya haɗu da Alhassane Ag Touhami da 'yan'uwa biyu, Inteyeden da Liya Ag Ablil, suka riƙa kiɗa a bukukuwan aure da zaman hira. A lokacin ba su da suna; mutane ne suka riƙa ce musu Kel Tinariwen, wato mutanen hamada.

Sansanonin Libiya da zamanin kaset

A 1980 Mu'ammar Gaddafi ya yi kira ga samarin Abzinawa da ke Libiya su shiga horon soja. Ibrahim da abokansa sun amsa, kuma a tsakiyar shekarun 1980 suka shiga ƙungiyar 'yan tawayen Abzinawa da ke can. A sansanonin ne suka haɗu da Keddou Ag Ossade, da Abdallah Ag Alhousseyni, da Mohammed Ag Itlale wanda ake wa laƙabi da Japonais.

A nan sunansu ya fara tafiya, kuma kaset ne ya kai shi. Duk wanda ya kawo kaset wanda ba a ɗauki komai a kai ba, za su zauna gaban rikoda su yi masa waƙa kyauta. Mai kaset ya tafi da abinsa, wani ya kwafa daga gare shi, wani ya kwafa daga kwafin, direbobin manyan motoci da matafiya su tsallaka da shi Kidal, Agadas, Tamanrasset. Kowane kwafi yana ƙara shuu yana rage kaifin jita, zafin rana kuma yana miƙar da zaren kaset har murya ta riƙa rawa, amma baitocin suna fita, su ne kuma abin da ake nema: kira ga haɗin kai, labarin 1963, kewar gida. Ga al'ummar da ba ta da jarida ko gidan rediyo na kanta a lokacin, kaset ɗin ya yi aikin duka biyun. Ana ruwaito cewa a Mali da Aljeriya mutum kan shiga matsala in aka kama shi da irin wannan kaset.

A 1989 suka koma Tessalit. Da tawaye ya ɓarke a 1990 wasu daga cikinsu sun ɗauki bindiga. Bayan yarjejeniyar Tamanrasset ta Janairun 1991 suka ajiye makami suka koma kiɗa. Ana ba da labaran cewa wasunsu sun shiga fagen daga da bindiga a hannu da jita a baya. Inteyeden ya rasu a 1994.

Fita duniya

A ƙarshen shekarun 1990 sun haɗu da ƙungiyar Lo'Jo ta Faransa a Bamako, abin da ya kai su wasa a Faransa a 1999. Daga wannan alaƙa aka shirya Bikin Hamada na farko a Tin Essako na yankin Kidal a Janairun 2001. Faifansu na farko da ya shiga kasuwar duniya, The Radio Tisdas Sessions, an ɗauke shi a gidan rediyon Tisdas na Kidal tare da masu ɗaukar sauti Justin Adams da Jean-Paul Romann, a 'yan sa'o'in dare da ake samun wutar lantarki. Amassakoul ya biyo a 2004, Aman Iman a 2007, shekarar da suka buɗe wa Rolling Stones fage a Ireland. Sun yi wasa a bikin buɗe gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu. Faifan Tassili, wanda aka ɗauka cikin tanti a hamadar Djanet ta Aljeriya da jita marar lantarki, ya ci kyautar Grammy a 2012.

Salon kiɗa

Ginshiƙin kiɗan ya fito ne daga tende, gangar turmi da matan Abzinawa ke kaɗawa, da imzad, gogensu mai tsirkiya ɗaya. Mai jita yana riƙe tsirkiyar ƙasa da babban yatsa tana amo ɗaya ba sauyi, sauran yatsu suna zana karin waƙa a tsirkiyoyin sama, galibi a kan sautuka biyar. Waƙa guda kan ƙare ba a bar wannan amo ba. Jita biyu ko uku suna shiga tsakanin juna, babbar jita mai kaurin murya a hannun Eyadou Ag Leche, Said Ag Ayad yana kan ƙwarya ko jembe, sai tafi da 'yan amshi. Ba su dogara da jerin gangunan rok na Turawa ba, shi ya sa kiɗan ke da sarari. Makaɗin da ya saba da yawan sauya sauti yakan cika wannan sarari da ado, kiɗan ya rasa nauyinsa. Ƙungiyar ba ta da tsayayyen adadi. Waɗanda ke fita yawon wasa ba lallai su ne dukan masu ɗaukar faifai ba.

Bayan 2012

Da ƙungiyar masu iƙirarin jihadi ta Ansar Dine da ƙawayenta suka karɓe arewacin Mali a 2012 sun haramta kiɗa. A farkon 2013 'yan Ansar Dine sun kama ɗaya daga makaɗan jitar ƙungiyar, Abdallah Ag Lamida, na ɗan lokaci, aka sake shi. An ɗauki faifan Emmaar na 2014 a Joshua Tree ta Amurka, Amadjar na 2019 a Muritaniya, Amatssou na 2023 a Djanet. Matsayin 'yan ƙungiyar kan batun Azawad, sunan da 'yan awaren Abzinawa ke kiran arewacin Mali, abin taƙaddama ne a Mali. Japonais ya rasu a 2021.

Tasiri

Terakaft da Tamikrest daga Mali, Imarhan daga Tamanrasset, da Bombino na Agadas duk sun bi wannan sawu. Haka ma Mdou Moctar na Nijar: ya ɗauki faifansa na farko a Sakkwato a 2008, da gyaran murya na kwamfuta irin na waƙoƙin finafinan Hausa, kuma waƙoƙinsa sun yaɗu ta katin waya da Bluetooth.