Soson Wanke-wanke: Shi Kuma Wa Ke Wanke Shi?

A yawancin gidajenmu, da an gama wanke-wanke tukunya za ta koma madafi, kwanuka su shiga kwando, ruwan datti a watsa shi a magudana. Soso kuwa sai a jefa shi cikin 'yar robar sabulu, ya kwana a jiƙe cikin sauran ruwan kumfa har wani wanke-wanken ya zo. Da shi aka goge tukunyar miya da rana, da shi aka cuɗa bahon da aka gyara ɗanyar kaza, kuma da shi za a wanke kofin kunun yaro da yamma. Idan muka shiga gidaje aikin duba tsafta, randa da masai ake saurin nuna mana. Da wuya uwargida ta kawo wa ranta cewa za mu ce a miƙo mana soso mu gani.

Abin da ya sa muke tambayarsa shi ne, duk abin da ƙwayoyin cuta ke buƙata don su hayayyafa ya taru a jikinsa: danshi, ɗumi, da ɓarɓashin abinci da ke maƙalewa a ƙananan ramukansa. A 2017 wasu masu bincike a Jamus suka karɓi sosuna 14 daga gidajen mutane suka duba. Sun tarar da nau'o'in ƙwayoyin bakteriya 362, kuma a wani gutsure da girmansa bai wuce kan ɗan yatsa ba suka ƙirga har biliyan 54. Su da kansu suka ce irin wannan cunkoso sai a cikin kashi ake samun sa. Wannan fa a gidajen da ke da famfo da ruwan zafi ne, a ƙasa mai sanyi. Warin nan da soso ke yi idan ya kwana biyu, wanda ake cewa ƙarni ne kawai, su ne ke haddasa shi.

Ba na faɗi haka don in tayar wa kowa da hankali ba ne. Mafi yawan ƙwayoyin da aka samu ba masu kwantar da lafiyayyen mutum ba ne. Matsalar tana zuwa ranar da mugun iri ya shigo. Ɗanyar kaza da kayan ciki sukan zo da ƙwayoyin da ke sa gudawa da zazzaɓi. Wuta tana kashe waɗanda suka shiga tukunya, amma waɗanda suka rage a baho da wuƙa da faranti soso ne ke kwashe su, ya ajiye, sannan ya rarraba wa kwanukan da ba za su ƙara ganin wuta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 suna mutuwa, kuma 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Afirka ce ta fi ɗaukar nauyin. Mu kuma ba mu manta da 2021 ba, lokacin da amai da gudawa ya kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma jihohi irin su Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Ruwan sha ne babbar hanyar wannan cuta, ba soso ba. Amma a gidan da ake jinyar mai gudawa, sosan da ya wanke kwanon majinyaci bai kamata ya taɓa na sauran jama'a ba.

Maganin farko ba ya cin ko sisi: bushewa. Uwargida, idan kin gama, ki wanke soson da sabulu kamar yadda kika wanke kwano, ki ɗauraye da ruwa mai kyau, ki matse shi sosai, ki rataye a ƙusa ko igiya inda rana da iska za su same shi, sama da inda kaji da awaki za su kai. Kada ya koma cikin ruwan sabulu. Da yawa suna ganin ai kumfa na tsare shi, alhali sabulun wanke-wanke aikinsa ɓamɓare maiƙo da datti ne, ruwan da ya riga ya gauraya da miya kuwa ba ya tsare komai. Da damina, lokacin da abu ba ya saurin bushewa, a ajiye biyu ana musanyawa, ɗaya na aiki ɗaya na shan iska. Masu bincike a Norway sun gwada soso da buroshi mai mariƙi, suka ga ƙwayar salmonela, mai sa gudawa da zazzaɓi, ta fi saurin mutuwa a buroshi, don ruwa ba ya zama a jikinsa. Wadda ta samu buroshin ta riƙe shi, ga shi kuma yana hana hannu yawan zama cikin ruwan datti.

Sai rabewa. Kofin jariri da cokalinsa da kwanonsa su kasance da nasu soson, wanda ba ya taɓa komai sai su. Kayan da ɗanyen nama ko kifi ya taɓa su ma da nasu, ko kuma a bar su su zama na ƙarshe, a bi su da tafasasshen ruwa. A zaɓi launi daban-daban don yaran da ake sa wa wanke-wanke su gane, tunda a gidaje da yawa su ne masu aikin. Tafasa soso na minti biyar yana rage ƙwayoyin sosai, kuma ina ba da shawarar a riƙa yi, sai dai ba ya mayar da tsoho sabo. Binciken Jamus ɗin nan ya nuna sosunan da masu su ke cewa suna tsaftacewa a kai a kai ba su fi sauran tsafta ba, shi ya sa suka ce a riƙa sauyawa duk mako. Na san halin da ake ciki, ba kowane gida ne zai iya haka ba. To a yanka sabon gida biyu ko uku, a riƙa ɗaukar ɗaya-ɗaya. Da ya fara wari ko santsi ko yagewa, ya tashi daga kan kwano ya koma wankin ƙasa. Maigida, idan an ce maka soso ya ƙare, kada ka ce ai kwanan nan ka saya.

A nan ne nake ganin mun yi sakaci da abin da muke da shi. Soson gargajiya, wanda ke yaɗo a jikin danga da katanga, yana cuɗa tukunya ba tare da ya karce ta ba, kuma guda ɗaya sai a yanka shi gida huɗu. Shi ma yana tara datti idan aka bar shi a jiƙe, ba wani sirri ne da shi ba. Fifikonsa shi ne wadda ta shuka shi a bayan ɗaki ba za ta ji ciwon yar da tsoho ba. Soson buhu ma yana saurin bushewa fiye da na katifa, amma idan zarensa ya fara tsinkewa yana bin kwano, ya gama aiki.

Soson ƙarfe nasa haɗarin daban ne. Yana tsufa yana karyewa, siraran wayoyi suna maƙalewa a bakin murfi, a gindin mariƙi, a ramukan matsami da na abin gogar kuɓewa, ido bai cika ganin su ba. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton mutum shida a jihar Rhode Island da suka haɗiyi gashin buroshin waya da aka goge ragar gashin nama da shi. Wasu ya soke su a maƙogwaro, wasu ya huda musu hanji har sai da aka yi aikin gaggawa. Masu tsire da balangu da gasasshiyar kaza, wannan naku ne kai tsaye: bayan an kankare raga da waya, a bi ta da jiƙaƙƙen tsumma mai tsafta, a duba ta da haske kafin a ɗora nama. A gida kuma duk abin da waya ta taɓa a ɗauraye shi da ruwa mai yawa, a shafa da tafin hannu. Wanda ya ji wani abu ya soke shi a wuya yana cikin cin abinci, ko ciwon ciki mai tsanani ya biyo baya, kada a ba shi lomar tuwo wai ta tura abin ƙasa. A kai shi asibiti a faɗa musu ana zargin waya, don su san hoton da za su ɗauka.

Kuma ba kowace tukunya ce ke son waya ba. Kaskon zamani mai baƙin shafe, wanda abinci ba ya kamawa, waya na ɓata shi tun daga wanki na farko. Wani bincike a Ostireliya a 2022 ya nuna tsaga ɗaya tak a jikin shafen na iya sakin ƙananan ɓarɓashi kusan 9,100. Irinsa sai soso mai laushi, kuma idan ya fara ɓarewa a sauya shi. Samira da langa idan fentinsu ya karce tsatsa ce ke biyo baya. Tandar waina kuwa duk mai sana'ar ta san man da ya zauna a jikinta shi ne ke hana waina kamawa, wadda ta kankare shi za ta sha fama kafin tandar ta sake daɗi. Ƙwarya da akushi da robobi, karce yana bar musu ramukan da abinci zai ɓuya.

Wadda na fi so a kula da ita ita ce tukunyar alminiyum, musamman manyan nan da maƙera ke zubawa daga narkakkun tarkace. Baƙi-baƙin ruwan da ke fita idan ana dirzar cikinta da waya har ta yi ƙyalli, ba datti ba ne duka, jikin tukunyar ne ke cinyewa. Dishi-dishin da ke cikinta wata 'yar kariya ce da ƙarfen ke yi wa kansa, kuma idan aka kankare ta abinci mai tsami irin su tumatir da tsamiya da yakuwa ya fi samun damar cin ƙarfen. A 2014 an gwada irin waɗannan tukwane a Kamaru, inda ake haɗa su daga tsofaffin kayan mota da gwangwanaye da makamantansu, aka tarar da yawansu suna sakin gubar dalma cikin abin da aka dafa. Mutanen Zamfara sun san illar wannan guba tun 2010, lokacin da ƙurar dutsen zinare ta kashe ɗaruruwan yara a yankunan Anka da Bukkuyum. Abin da tukunya ke saki bai kai wancan ba ko kusa, amma dalma taruwa take yi a jiki, tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro a hankali, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba wani adadinta da aka san ba ya cutarwa. Saboda haka a bar cikin tukunyar da dishi-dishinta, a wanke da soso mai laushi, kada a bar miya mai tsami ko zoɓo ya kwana a ciki. Mai son ƙyalli ta yi shi a bayan tukunya.

Yawancin dirzar da ake yi ma gaggawa ce ke jawo ta. Da an kwashe tuwo, a kankare ƙanzon da ake so a ci, sannan a zuba ruwa a tukunyar tun tana da zafi, a bar ta a gefen murhu. Kafin a gama cin abinci sauran ya saki da kansa. Idan abinci ya ƙone sosai, a mayar da ita kan wuta da ruwa da ɗan sabulu ta tafasa. Ga masu girki da itace kuma, dabarar iyayenmu ta shafe bayan tukunya da kwaɓaɓɓiyar toka kafin a ɗora tana nan da amfaninta, baƙin hayaƙin a kan tokar yake zama, ruwa kaɗan ya isa ya wanke shi.

Toka mai tsafta daga murhu ba ni da ja da ita, ta fito daga wuta, kuma tana yanke maiƙo idan sabulu ya yanke. A dai kwashe ta a ajiye a rufaffen gwangwani, ba a ɗebo daga juji ba, kuma ba tokar da aka ƙona leda ko roba a cikinta ba. Abin da nake roƙo a daina shi ne damtsar ƙasar tsakar gida a cuɗa cikin tukunya da ita. Nan ne kaji ke kashi, nan yara ke tsugunawa, kuma ƙwan tsutsar ciki yana iya daɗewa da rai a cikin ƙasa.

Masu sayar da abinci da masu aikin biki, ku ne soso ɗaya ke bi ta kan kwanukan mutane da yawa a yini. Baho uku ake buƙata, na sabulu, na ɗauraya, da na ɗauraya ta biyu, kuma a zubar da ruwan da ya sauya launi ko da kuwa sayen sa ake yi. Kada a bi wankakken faranti da tsumman da ke rataye a kafaɗa, a kife shi a kwando a kan tebur ya tsane da kansa. Idan an tashi daga kasuwa, kada a ƙulle jiƙaƙƙen soso cikin leda har gobe. A tafasa shi a sauran wutar da ta rage, a matse, a rataye.