Gidan da ke yaye saurayi: tambayoyi kan zaman horo na 'yan shekara 16 zuwa 20

A Katsina, da zarar an ce za a kai saurayi wani gida ya zauna a gyara shi, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne gidan mari. Amma akwai wani irin gida daban, wanda aikinsa shi ne ya riƙe saurayi na ɗan lokaci har ya iya riƙe kansa.

Wane irin gida ne, kuma su wa ake kaiwa?

Gida ne na kwana da ci da koyo, inda samari kaɗan ke zama ƙarƙashin manya da aka horar, na wasu watanni ko shekara ɗaya zuwa biyu. Waɗanda suka fi bukatarsa su ne maraya da ya girma a gidan marayu, da almajirin da ya zama gardi amma babu sana'a a hannunsa, da wanda ya fito daga gidan kangararrun yara, da wanda 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyensu a yankin Batsari ko Jibiya ya tsinci kansa a birni. Dokar 'yancin yara ta 2003 ta ce yaro shi ne wanda bai kai shekara 18 ba. To ranar da ya kai fa? A takarda ya zama babba, alhali ko kuɗin hayar ɗaki bai taɓa riƙewa ba.

Ba gidan mari ba ne aka sake wa suna?

A'a, kuma dole a tsaya a nan. A watan Oktoba na 2019 'yan sanda sun shiga wani gida a Daura suka fito da mutum 67, da yawansu da mari a ƙafa, kwanaki kaɗan bayan haka aka kuɓutar da ɗaruruwa a cikin birnin Katsina. Iyaye ne da kansu suka kai akasarin waɗannan samari, har suna biya, don shaye-shaye ko rashin ji ya ishe su. Ban ga laifin uba da ya rasa yadda zai yi ba. Na ga laifin tsarin da ya bar shi da zaɓi ɗaya.

Bambancin yana ƙofa. A gidan yaye, saurayi da yardarsa ya shigo, yana fita aiki da safe ya dawo da magariba, yana da waya, mahaifiyarsa na iya zuwa ganinsa ba sai ta nemi alfarma ba. Wanda aka ɗaure shekara biyu ya koyi tsoro ne kawai, in an kwance shi sai ya koma inda ya tsaya.

Haka kuma ba gidan horon masu laifi ba ne irin na Kakuri a Kaduna, wanda kotu ke tura matasa.

Me zai koya a can da ba zai koya a shago ba?

Sana'ar a shago zai koye ta: walda, kafinta, ɗinki, gyaran waya, haɗa sola. Abin da gidan ke ƙarawa shi ne ƙananan abubuwan da ɗan gida ke tsinta ba tare da ya sani ba. A ba shi kuɗin cefane na mako, a ce ya je kasuwa ya ciyar da mutum shida. Makon farko zai dawo da taliya da lemon kwalba, kafin Laraba tukunya ta bushe. Ba za a doke shi ba. Za su sha gari tare, mako na biyu ya san farashin tiyar wake. Daga nan sai yankar katin NIN, buɗe asusun banki, zubin adashi, rubuta bashi a littafi, da yadda ake ba mai kaya haƙuri in aiki ya yi latti.

Ai muna da tsangaya da ubangida tun kaka da kakanni.

Gaskiya ne, kuma daga nan ya kamata a ɗauko tsarin. Kolo ya zama titibiri, titibiri ya zama gardi, gardi yana ɗinkin hula ko wanki da guga yana ci da kansa. Yaron shago ya yi shekaru, ubangida ya sallame shi da jari ko keken ɗinki. Matsalar ita ce babu mai tilasta wa ubangida ya cika alkawari, kuma yaron da ba shi da dangi a gari ba shi da mai tsaya masa.

Yaya wasu ƙasashe suke yi?

Amurka ta kafa shirin Job Corps a 1964, na kwana da koyon sana'a ga 'yan shekara 16 zuwa 24. A Ingila, dokar shekarar 2000 ta wajabta wa ƙaramar hukuma ta ba yaron da ya tashi a hannunta mai ba shi shawara da rubutaccen tsarin fita, daga baya aka tsawaita tallafin har shekara 25. Wato sun gane cewa sallama ba rana ɗaya ake yin ta ba.

A Katsina fa?

Akwai gutsattsarin abin. Cibiyar koyar da matasa sana'o'i da aka buɗe a zamanin Gwamna Ibrahim Shema tana nan, akwai hukumar samar da ayyukan yi ta ƙasa, wato NDE, sannan a 2023 aka kafa hukumar kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Inda aka fi samun giɓi shi ne bayan bikin yaye ɗalibai. Saurayin da ba shi da wurin kwana, aka miƙa masa injin walda a gaban kyamara, da wuya wata ya ƙare bai sayar da shi ba.

Uba zai kai ɗansa, me zai duba?

Ya nemi takardar rajista da ma'aikatar jin daɗin jama'a. Ya je ba tare da ya sanar ba, ya shiga ɗakin kwana da banɗaki, ya dubi idon sawun yaran. In shaye-shaye ne matsalar, ya fara da likita ko sashen gyaran hali na NDLEA, don gidan yaye ba asibiti ba ne. Sannan ya ce wa mai gidan: "Malam, yaran da kuka sallama bara, a wane shago zan same su?" Ya karɓi kwatance, ya hau babur ya je ya gani.