Kurmin Ngel Nyaki: Yaya Ƙauyen Kan Dutse Zai Buɗe Dajinsa Ga Baƙi Ba Tare Da Ya Kashe Shi Ba?

Wanda ya haura tsaunin Mambilla daga Serti zai ga tuddai shimfiɗe da ciyawa, garkunan shanu, da layukan bishiyar turare. Kafin ya kai Nguroje da Gembu akwai ƙauyen Yelwa, kuma a gefensa kurmin Ngel Nyaki yake, cikin ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba. Da wannan kurmi za mu auna tambayoyin da ke tasowa duk lokacin da aka ce za a mayar da dajin ƙauye wurin shaƙatawa.

Me ake nufi da wurin shaƙatawa na daji mai kiyaye muhalli?

Wuri ne da baƙo zai biya kuɗi ya shiga, ya yi tafiya a ƙafa, ya kalli tsuntsaye da namun daji, ya kwana in ta kama, ya tafi ya bar dajin yadda ya same shi. Jarin nan shi ne dajin kansa. Ranar da aka sare shi don a zuba siminti, ranar aka cinye uwar kuɗi.

Me ke Ngel Nyaki da zai sa mutum ya yi doguwar tafiya?

An ayyana shi gandun daji a 1969, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 46. Amma yawancin filin ciyawa ce. Ainihin kurmin bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba, yana maƙale a gangaren da wuta da shanu ba su cika kaiwa ba, a tsayin mita 1,400 zuwa 1,600. Irin wannan kurmi na kan tsauni ya yi ƙaranci ƙwarai a Najeriya. Cikinsa akwai biri mai ganga, wato chimpanzi irin wanda ba a samunsa sai a Najeriya da Kamaru, ga gwaggon biri, ga birai masu farin hanci, ga tsuntsayen da suka sa aka saka wurin cikin jerin muhimman mazaunan tsuntsaye na duniya.

Akwai kuma tashar bincike a bakin kurmin. Dakta Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury da ke New Zealand ce ta kafa shirin binciken a farkon shekarun 2000, bayan mahaifinta ya yi nazarin dazuzzukan yankin a shekarun 1970. Masu bincike sun keɓe fili mai hekta 20, suka auna kowace bishiya da kaurinta ya kai santimita ɗaya, suka maƙala mata lamba. Yawancin masu wannan aiki 'yan ƙauyukan kewaye ne. Ina ganin wannan shi ne babban arziƙin wurin: akwai matasan da suka san bishiya da sunanta, suka san tsuntsu da kukansa. Waɗannan su ne 'yan jagora tun kafin baƙo na farko ya iso.

Daga ina ya kamata a fara, ɗakunan kwana ko hanya?

Daga zaure za a fara. A zauna da jauro, wato mai gari, da arɗo, da manoma, da mafarauta, da matan da ke shiga ɗibar itace da ganyen magani. Kowannensu yana da abin da yake samu a dajin, kuma duk wanda aka hana ba tare da an ba shi madadi ba, da dare zai dawo. A Mambilla maganar fili ba ta wasa ba ce. Rikicin 2017 tsakanin manoma da makiyaya ya ci rayuka da dukiya, kuma mutane ba su manta ba. Don haka duk shingen da za a kafa sai an taka iyakarsa tare, kowa yana gani, an bar burtali da hanyar mashaya a buɗe.

Sai takardu. Gandun daji irin wannan yana ƙarƙashin gwamnatin jiha, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna, dokar 1992 kuma ta wajabta a binciki illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a soma su. Yarjejeniyar da aka yi da ƙauye a rubuta ta, a karanta ta da Hausa da Fulatanci da harshen Mambilla a gaban jama'a.

Mene ne babban abin da ke barazana ga kurmin?

Wuta da kofato. Da rani ana cinna wa tuddai wuta don sabuwar ciyawa ta tsiro wa dabbobi. Wutar ba ta shiga tsakiyar kurmi saboda danshi, amma kowace shekara tana lashe bakinsa, ta ƙone ƙananan bishiyoyi. Shanu su biyo baya su tattake abin da ya saura. A haka kurmi ke ja da baya taku-taku, ba wanda ya lura sai bayan shekaru. Ga kuma tarkon waya da ake ɗana wa gada da alade, wanda ba ya tantance wa ya kama.

A Ngel Nyaki an gwada magani mai sauƙi: aka killace wasu filayen ciyawa da ke jikin kurmin, ana share kewayensu kafin lokacin ƙuna, ana renon bishiyoyin asali ana dasawa. Inda aka tsare, daji ya soma dawowa, domin tsuntsaye da birai suna cin 'ya'yan itace su kai irin wani wuri. Sai dai abin yana tafiya a hankali ƙwarai. Wanda ke son ya ga sakamako cikin shekara biyu gara ya nemi wata sana'a.

Abu ɗaya da nake roƙo a guje masa shi ne cike gurbi da itacen turare. Yana girma da sauri, yana ba da katako, shi ya sa ya mamaye Mambilla. Amma baƙo ne daga Ostireliya, yana shan ruwa da yawa, ƙarƙashinsa ba ya tara tsirrai, kuma biri ba ya samun abinci a jikinsa. A dasa shi can gefen gari don itacen girki, a bar wa kurmi ɓaure da sauran 'yan gida.

Wane irin gini ya dace?

Kaɗan, kuma a wajen kurmi. 'Yan ɗakuna na ƙasa da dutse da jinka, wutar sola maimakon janareta, tankin tara ruwan sama, masai nesa da rafi. Hanyar ƙafa ta bi gangare a karkace, da magudanai, domin damina a can tana ɗaukar kusan wata bakwai, hanyar da aka miƙe tsaye kuwa kwazazzabo take zama. Leda da robar da baƙo ya shigo da su, da su zai fita.

Baƙi za su ga biri mai ganga?

Kada a yi musu alkawari. Na Ngel Nyaki 'yan kaɗan ne, ba su saba da mutane ba. Mai sa'a zai ji ihunsu, ko bugun da suke yi wa gindin bishiya wanda ya jawo musu sunan, ko ya ga sheƙar ganyen da suka kwana a kai. Murar mutum tana iya kashe su. Shi ya sa a ƙasashen da ake kai baƙi kallonsu ake sa takunkumi, a tsaya nesa da aƙalla mita bakwai, mai tari kuma a hana shi shiga. A ƙaramin kurmi kamar wannan, abin da ya fi shi ne a ƙayyade yawan masu shiga a rana, a ware ɓangaren da ba mai taka shi sai mai bincike da mai gadi.

To, me ɗan ƙauye zai samu?

In amsar ita ce "aikin shara", an faɗi tun ba a fara ba. Jagoranci, gadi, girki, sayar da zuma da nono da man shanu, haya ta babur, duk na mutanen wurin ne. Mafarauci ya fi kowa sanin sawun dabba, don haka shi ya fi cancanta da albashin gadi. Bayan wannan a yanka wa ƙauye kaso daga kuɗin shiga. Ruwanda tana ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin gandayenta ga al'ummomin da ke kewaye. A Bigodi ta Yuganda, ƙungiyar mutanen ƙauye ce ke gudanar da wurin tun 1992, har ta gina makarantar sakandare da abin da ta tara. Kason makiyayi ma a bayyana shi, ko maganin dabbobi ko mashaya, tunda shi aka roƙa ya janye garkensa. Lissafin kuma a riƙa liƙa shi a inda kowa zai karanta.

Zai iya riƙe kansa da kuɗin baƙi kaɗai?

A shekarun farko, da wuya. Mambilla tana da nisa, hanya na wahalar da mota, kuma labarin rashin tsaro ko daga wata jiha ya fito yana korar baƙi. Saboda haka kada a ci bashi a gina otel ana jiran Turawa. Ɗaliban jami'o'in Gombe, Jalingo da Yola, 'yan makaranta, masu kallon tsuntsaye, da iyalan da ke hawa shan sanyi lokacin hutu su ne kasuwar da ta fi tabbas. A haɗa musu tafiya guda: kwana biyu a kurmi, yini ɗaya a gonar shayi ta Kakara, masu ƙarfin gwiwa kuma su wuce gandun dajin Gashaka Gumti su hau dutsen Chappal Waddi mai tsayin mita 2,419.