Mene ne Sinadaran Kare Kai na Tsirrai?

Tsiro ba shi da ƙafar gudu, ba shi da hannun korar ƙwaro. Inda ya fito nan zai tsaya, fara ta zo, tsutsa ta zo, akuya ma ta leƙo. Wani da ƙaya yake kare kansa, wani da kaurin ɓawo, amma da yawansu sinadari ne makaminsu. Abin da masana ke nufi da sinadaran kare kai ke nan: abubuwan da tsiro ke haɗawa a ganye, saiwa, ɓawo ko fure domin duk wanda ya ci shi ya ji ɗaci, ko ya galabaita, ko ya mutu.

Nikotin na ganyen taba guba ce ga ƙwari. Yajin barkono yana ƙona bakin dabbobi masu shayarwa, tsuntsu kuwa ko a jikinsa, sai ya haɗiye 'ya'yan ya kai irin nesa. Darbejiya ta fi su dabara: sinadarinta azadiraktin, wanda aka ware a 1968, yana kashe wa ƙwaro sha'awar ci, ya kuma hana tsutsa yin saɓa, sai girmanta ya tsaya.

A yaƙi da sauro da zazzaɓin cizonsa ɗan Adam ya ci moriyar waɗannan makamai sosai. Daga ɓawon itacen sinkona na tsaunukan Andis wasu Faransawa biyu, Pelletier da Caventou, suka ware kwinin a 1820. A 1972 Tu Youyou ta ƙasar Sin da abokan aikinta suka fitar da atemisinin daga wani ganye mai ɗaci, aikin da ya ba ta kyautar Nobel a 2015, kuma shi ne ƙashin bayan maganin maleriya na yau. Maganin da ke jikin gidan sauro ma kwaikwayon gubar furen fairetrum ne, wadda ke shanye jijiyoyin ƙwaro.

Masu cewa "ai na itace ne, ba ya illa" sun manta abu ɗaya. Tsiron don cutar da mai cinsa ya haɗa sinadarin, shi ya sa awo yake da muhimmanci.

Ƙwari kuma ba su zauna ba. Kamar yadda wasu tsutsotsi suka saba da gubar taba har suke cin ganyen su ƙoshi, haka sauro a ƙasashe da dama ya fara jure maganin gidan sauro. Dalili ke nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a 2023 a riƙa amfani da sabbin gidajen sauro masu magani iri biyu inda juriyar ta bayyana. Gano inda sauro ya yawaita kuwa yana buƙatar idon jama'a: a Sifaniya, tun 2014 mutane ke ɗaukar hoton sauro da wuraren da yake ƙyanƙyasa su tura ta manhajar Mosquito Alert, masana su tantance nau'insa.