Juyin Juya Halin Rasha na 1905

Juyin juya halin 1905 guguwar yajin aiki da tarzomar manoma da tawayen sojoji ce da ta girgiza Daular Rasha a zamanin Sarki Nikolas na Biyu, wanda ya hau karagar mulki a 1894. A lokacin Rasha ba ta da zaɓaɓɓiyar majalisar dokoki ta ƙasa, maganar sarki ita ce doka.

Tushen matsalar yana karkara. Sarki Alekzanda na Biyu ya 'yanta bayin gona a 1861, amma gonakin da aka ba su ba kyauta ba ne, an ɗora musu bashin da za su yi shekara 49 suna biya. Galibin gonakin kuma mallakin al'ummar ƙauye ne, ana sake raba su lokaci zuwa lokaci, ga iyalai suna ƙaruwa, rabon kowa yana raguwa. A birane ma'aikatan masana'antu suna aikin sa'o'i 11 ko fiye a rana. Ana cikin haka yaƙi ya ɓarke da Japan a 1904, Rasha ta yi ta shan kashi.

Ranar Lahadi 22 ga Janairu 1905 wani limamin coci, Georgi Gapon, ya jagoranci dubban ma'aikata zuwa Fadar Hunturu a birnin San Pitasbag. Sun fito da matansu da 'ya'yansu, suna ɗauke da hotunan waliyyai da na sarkin kansa, suna rera waƙoƙin ibada, da takardar koke a hannu: a rage aiki zuwa sa'o'i 8, a kafa majalisar wakilai. Sarkin ba ya cikin fadar ma. Sojoji suka buɗe wuta, ɗaruruwa suka mutu. Mutanen da suka zo neman uba aka tarbe su da harsashi, kuma daga ranar talaka ya fara janye amanar da ya ba gidan sarauta.

Tarzoma ta bazu. Manoma suka cinna wa gidajen masu manyan gonaki wuta, a watan Yuni ma'aikatan jirgin ruwan yaƙi Potemkin suka yi tawaye, a Oktoba kuma yajin aikin gama-gari ya tsayar da jiragen ƙasa cak. Bisa shawarar Sergei Witte, wani babban jami'in gwamnati, sarki ya sa hannu a Sanarwar Oktoba, ya yi alkawarin 'yancin faɗin albarkacin baki da na taro, da majalisar dokoki mai suna Duma.

Da ƙura ta lafa sai aka fara warware alkawarin. Dokokin tushe na 1906 sun bar wa sarki ikon naɗa ministoci da rusa majalisa. Duma ta farko ba ta kai wata uku ba aka rushe ta, ta biyu ma aka rushe ta a Yunin 1907, sannan aka sauya dokar zaɓe don fifita masu dukiya.

Firaminista Pyotr Stolypin ya haɗa bulala da gyara. Kotunan soja na gaggawa sun yanke wa mutane sama da 1,000 hukuncin kisa cikin 'yan watanni, yayin da dokarsa ta Nuwamba 1906 ta ba manomi damar ware gonarsa ta zama mallakinsa, aka kuma ƙarfafa ƙaura zuwa Sibiriya. Ya nemi shekara 20 na zaman lafiya don gyaran ya kankama. An harbe shi a gidan wasan kwaikwayo na Kiev a Satumba 1911, kuma a Maris 1917 Nikolas ya sauka daga mulki.